Fashin baƙi: Wa ya gina wa 'yantattun bayin Amurka makaranta, me kuma ya hana ta girma?

Duk ranar 19 ga Yuni Amurka tana hutun Juneteenth, don tunawa da ranar da sojojin tarayya suka isa garin Galveston na jihar Texas a 1865 suka shaida wa bayi cewa sun zama 'ya'ya. Tun da aka mai da ranar ta zama hutun ƙasa a 2021, duk shekara sai tsohuwar gardama ta taso, har ta iso shafukanmu na sada zumunta. Mutanen da aka 'yanta shekara 160 da suka wuce, a ƙasar da ke cike da manyan jami'o'i, me ya sa har yau jikokinsu ke bayan takwarorinsu a sakamakon karatu? Wasu su ce ai ba sa son boko ne. Wasu su ce Turawan kirki sun gina musu makarantu tun farko, su ne suka yi wasa da damarsu. A 2023 hukumar ilimi ta jihar Florida ta ƙara wa wutar fetur da ta sa a manhajarta cewa bayi sun koyi sana'o'in da a wasu lokuta suka amfane su. Masu suka suka ce wanke bauta ake yi, masu kare manhajar suka ce juriyar bayin ake nunawa.

Wanda ke son gane wannan magana sai ya bar birni ya shiga karkara, domin a lokacin da aka 'yanta bayi kusan miliyan 4, mafi yawansu a gonakin auduga da taba da shinkafa da rake na kudancin ƙasar suke.

Karatu laifi ne a gaban doka

Jahilcin bawa a Amurka da gangan aka dasa shi. A 1740, shekara guda bayan wani boren bayi, Karolina ta Kudu ta sa tarar fam 100 a kan duk wanda ya koya wa bawa rubutu. A 1830 Karolina ta Arewa ta yi tata dokar: Bature ya koyar a ci shi tara ko a ɗaure shi, bawa ya koya wa ɗan'uwansa a yi masa bulala 39. Dokar ba ta ɓoye dalilinta ba, ta ce karatu yana sa bawa ya ƙi halin da yake ciki har ya kai ga tawaye. Amma ta bar ƙofa ɗaya a buɗe, ta ce ban da lissafi. Bawa ya iya ƙirga buhunan ubangidansa, wannan ba laifi. Ya iya rubuta wa kansa takardar izinin fita daga gandu ko ya karanta jarida, nan ne matsala. Bayan boren Nat Turner na 1831 a Bajiniya, sauran jihohin kudu suka ƙara tsanantawa.

Duk da haka an yi ta satar karatu, a ɗakin girki, a bayan coci, da dare. A garin Savannah na Jojiya akwai matan da suka riƙe makarantun ɓoye, yara na zuwa ɗaya bayan ɗaya da littafi naɗe a takarda don kada ɗan sanda ya gane. Susie King Taylor a irin wannan makaranta ta yi karatu, kuma tana 'yar shekara 14 ta fara koyar da waɗanda suka gudo daga bauta a tsibirin St. Simons a 1862. Masana tarihi na ƙiyasta cewa waɗanda suka iya karatu a cikin bayi kafin yaƙin basasar Amurka, wanda ya kawo ƙarshen bauta, ba su wuce ɗaya cikin goma ba.

Makarantun farko: wa ya fara?

Kalmomi biyu suna bukatar bayani. Zamanin sake gina ƙasa shi ne 1865 zuwa 1877, lokacin da gwamnatin tarayya da sojojinta ke sa ido kan jihohin kudu da suka sha kaye a yaƙin basasa. Hukumar 'Yantattun Bayi kuwa majalisar dokoki ce ta kafa ta a watan Maris na 1865 a ƙarƙashin Janar Oliver Otis Howard, don kula da abinci, asibiti, yarjejeniyar ƙwadago da makarantu.

Labarin da aka fi yaɗawa shi ne na malamai mata Turawa daga arewa, da ƙungiyoyin mishan suka turo. Sun zo, kuma wasunsu sun sadaukar da rayuwarsu. Laura Towne ta buɗe makarantar Penn a tsibirin St. Helena a 1862, ta zauna can har ta rasu bayan kusan shekara 40. Babu mai adalcin da zai raina wannan.

Sai dai ba su ne suka kunna wutar ba. A 1861, yaƙi bai daɗe da farawa ba, wata baƙar mata mai suna Mary Peake ta riga ta tara yara da manya a gindin wata bishiya a Hampton tana koyarwa, kuma bishiyar tana nan har yau. A watan Janairun 1865, makonni kaɗan bayan sojoji sun kama Savannah, baƙaƙen garin suka kafa ƙungiyar ilimi tasu, suka yi karo-karo, suka buɗe makarantu, ɗaya daga ciki a ginin da ake gwanjon bayi. Da John Alvord, jami'in ilimi na Hukumar, ya zagaya kudu a ƙarshen 1865, ya tarar da makarantun da ba mishan ba gwamnati a bayansu, ya ƙiyasta sun kai 500. Wanda ya san haruffa goma yana koya wa wanda bai san ko ɗaya ba. Binciken da masanin tarihi Ronald Butchart ya yi kan dubban malaman wancan zamani ya nuna sama da kashi ɗaya cikin uku baƙaƙe ne. Ita Hukumar galibi gini, haya da kuɗin jigilar malami take bayarwa. Fili, katako, itacen ɗumama aji da abincin malami, mutanen ƙauye ne ke kawowa. Zuwa 1870 mutanen da suka fito daga bauta hannu rabbana sun kashe sama da dala miliyan 1 a kan makarantu.

Booker T. Washington, wanda daga baya ya zama fitaccen malami kuma jagoran baƙaƙe, yana yaro a lokacin, yana aiki a matoyar gishiri a garin Malden. Abin da ya fara koya shi ne lamba 18, wadda ake rubutawa a jikin gangunan da mijin mahaifiyarsa ya cika. Daga baya mahaifiyarsa ta samo masa tsohon littafin haɗa baƙi mai shuɗin bango, wanda shi ne allon farko na dubban 'yantattu. Ya ce abin da ya gani al'umma ce sukutum tana ƙoƙarin shiga makaranta, tsofaffi burinsu su karanta Littafi Mai Tsarki da idonsu kafin su mutu. Akwai kuma dalilan duniya: karanta takardar yarjejeniya kafin a sa mata hannu, duba lissafin mai kanti, da rubuta wasiƙar cigiyar ɗa ko uwa da aka sayar shekaru da suka wuce.

A cikin malaman akwai ɗan Kukawa. Muhammad Ali Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, an haife shi a Borno, mahara suka kama shi yana yaro, aka ƙetara da shi Sahara zuwa Tarabulus, daga nan Istanbul da Rasha. Ya isa Amurka ba a matsayin bawa ba, ya shiga rundunar baƙaƙen sojoji a 1863, bayan yaƙi ya bi ƙauyukan Jojiya da Alabama yana koyar da 'ya'yan 'yantattu. Tarihin rayuwarsa da ya rubuta ya fito a Memphis a 1873.

Rahoton Hukumar na 1870 ya ƙirga makarantu sama da 4,000 da ɗalibai kusan 250,000, har da makarantun ranar Lahadi. Adadin yana da yawa idan an tuna daga inda aka taso, amma ɗigo ne a cikin yaran da suka isa shiga aji. A wannan shekarar kuɗin ilimin Hukumar ya ƙare, a 1872 aka rufe ta.

Gona ce ke tsara ranakun makaranta

A nan ne nake ganin masu cewa lalaci ne suka fi yin kuskure. A watan Janairun 1865 Janar Sherman ya ba da umarnin raba wa iyalan 'yantattu filaye har eka 40 a gaɓar tekun kudu. Kafin shekara ta ƙare Shugaba Andrew Johnson ya mayar wa tsofaffin masu bayi filayensu. Mutum ya samu 'yanci, amma ba shi da ko taƙi guda na gona.

Abin da ya biyo baya shi ne noman a-raba. Mai ƙasa ya ba ka gona da alfadari da iri, ka ci bashin abinci a kantinsa, kaka ta yi a raba amfani, a cire bashi daga kasonka. Littafin lissafi a hannunsa yake. Sau da yawa shekara ta ƙare kai ake bi. A irin wannan tsari hannun yaro ɗan shekara takwas kuɗi ne, domin da shi ake shema, da shi ake cirar auduga. Shi ya sa makarantar ƙauye ke buɗewa wata uku ko huɗu kawai, a tsakiyar hunturu da ɗan tsakanin gama noma da fara girbi. Mai ƙasa kuma ba ya son manomin da zai iya duba lissafi, don haka wani ya hana a kafa makaranta a filinsa, wani ya kori iyalin da suka tura yara.

W. E. B. Du Bois, masani kuma marubuci baƙar fata, ya ga wannan da idonsa. Yana ɗalibi a jami'ar Fisk ya tafi koyarwa a tsaunukan Tenesi a bazarar 1886 da ta 1887. Ajinsa bukkar gungume ce da wani Bature ke ajiye masara a da. Ba ƙyaure, iska na shiga ta tsakanin itatuwa, kujerun yara katakai ne marasa majingina, kujerar malam aro ce da ake mayarwa kowane dare. Yara kusan 30, ƙafa ba takalmi. Duk sa'ad da aji ya ragu sai ya bi gida gida, a ce masa gona na bukatar yaro, ko ana bukatar yarinya ta riƙe jariri. Akwai wata budurwa, Josie, wadda ta fi kowa ƙishin karatu, ita ce kuma ke ɗauke da nauyin gidansu. Da ya koma bayan shekara goma, ya tarar ta rasu, aiki ya cinye ta. Duk lokacin da na tuna wannan labari sai in ga fuskokin yaran ƙauyukanmu da ke ɓacewa daga aji da zarar damina ta sauka. Iyayensu ba maƙiyan ilimi ba ne, yunwa ce ke yanke hukunci.

Ga kuma wuta da bindiga. A rikicin Memphis na watan Mayun 1866 an kashe baƙaƙe 46, aka ƙone makarantunsu da coci-cocinsu. A karkara, inda ba soja kusa, 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar Turawa masu aƙidar fifikon farar fata, sun mai da malamai abin farauta: a yi musu bulala, a kore su, a cinna wa aji wuta. Sau da yawa mutanen ƙauye sukan sake ginawa su kuma yi gadinsa da dare.

Ƙuri'a ta tafi, kuɗin makaranta ya bi ta

Kafin yaƙi yawancin jihohin kudu ba su da tsayayyen tsarin makarantun gwamnati, ko ga 'ya'yan talakan Bature. Da baƙaƙe suka samu ƙuri'a suka shiga tarukan rubuta sabbin kundin tsarin mulki, sai suka sa makarantar kyauta a gaba. A taron Karolina ta Kudu na 1868 su ne ma masu rinjaye. Shi ya sa Du Bois ya ce ilimin kowa da kuɗin gwamnati, a kudu, tunanin baƙar fata ne. Talakan Bature ya ci moriyar abin da tsohon bawa ya yi fafutuka a kai, kuma wannan yana cikin abubuwan da ba a cika faɗa ba.

Bayan 1877 sojoji suka janye, tsofaffin masu iko suka dawo. Misisipi ta fara a 1890 da harajin jefa ƙuri'a da jarrabawar karatu kafin rajista, sauran jihohi suka bi. Mutumin da aka hana karatu da bulala, yanzu aka ce rashin karatunsa ya hana shi zaɓe. A Luwiziyana baƙaƙe masu rajista sun haura 130,000 a 1896, zuwa 1900 sun koma kimanin 5,000.

Yadda abin ya shafi aji kuwa haka yake. Jiha tana raba kuɗin ilimi ga gundumomi bisa yawan yara, baƙi da fari. Hukumar makarantu ta gunduma, wadda Turawa kaɗai ke zaɓa, ita ke yanke yadda za a kashe. A gundumar da baƙaƙe suka fi yawa, kan yaransu ne ke jawo kuɗin, amma a makarantar Turawa ake zuba shi. Kotun Ƙoli ta sa albarka: a shari'ar Plessy ta 1896 ta halatta wariya muddin wai akwai daidaito, a 1899 kuma ta ƙi hana wata gunduma a Jojiya rufe sakandaren baƙaƙe alhali ta Turawa na ci gaba da samun tallafi.

Wane irin ilimi?

Su kansu shugabannin baƙaƙe sun rabu. Washington, wanda ya yi karatu a makarantar Hampton ya kuma kafa makarantar Tuskegee a 1881, yana ganin a fara da noma, kafinta, gini da ɗinki, a tara dukiya, a jinkirta rigimar siyasa. Jawabinsa na Atlanta a 1895 ya faranta wa Turawan kudu da attajiran arewa rai, kuɗi suka kwararo. Du Bois ya ce al'ummar da ba ta da lauyoyi, likitoci da malamai masu zurfin karatu, ba ta kuma da ƙuri'a, ko abin da ta tara ba za ta iya karewa ba.

A ganina kowannensu yana da rabon gaskiya. Washington yana zaune ne a tsakiyar Alabama, inda kalma ɗaya za ta iya sa a ƙone makarantarsa, kuma Tuskegee ta yaye malamai masu yawa da suka shiga ƙauyuka. Amma abin da ya faru da kuɗin haraji ya gaskata Du Bois. Masu ba da tallafi da dama sun so koyon sana'a ne don ya riƙe baƙar fata a gona. Wannan tunani ya ƙetaro teku: kwamitin Phelps-Stokes da ya zagaya Afirka a shekarun 1920, wanda James Aggrey ɗan ƙasar da ake kira Ghana a yau yake ciki, ya ba gwamnatocin mulkin mallaka shawarar ilimin da ya dace da ƙauye bisa samfurin Hampton da Tuskegee.

Haraji biyu: makarantun Rosenwald

A 1912 Washington ya shawo kan Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears, ya ba da kuɗin gina ƙananan makarantu shida a ƙauyukan da ke kewaye da Tuskegee. Zuwa 1932 an gina kusan 5,000 a jihohi 15. Tsarin ginin an yi shi da tunani: tun da ba lantarki, sai aka yi manyan tagogi a jere suna kallon gabas ko yamma don hasken rana ya wadaci aji, da bangon katako mai zugewa da ke mai da aji biyu zauren taro.

Sharaɗin shi ne sai jama'a sun kawo nasu, hukuma kuma ta karɓi makarantar. Nan aka ga aikin gayya na gaske. Mata su soya kifi da kaji su sayar, manoma su ware eka guda ta auduga don makaranta, wani ya ba da fili, wani ya sare itace, wani ya zo da guduma. A cikin kimanin dala miliyan 28 da aka kashe, baƙaƙe sun ba da miliyan 4.7, Rosenwald miliyan 4.3, mafi yawan ragowar daga baitulmali. Wato manoman a-raba sun fi attajirin da makarantun ke ɗauke da sunansa bayarwa. Masanin tarihi James Anderson ya kira wannan haraji biyu: ka biya haraji a gina wa ɗan wani makaranta, sannan ka sake tara kuɗi ka gina wa naka. Tare da su akwai malamai masu zagaye na asusun Anna Jeanes, wanda aka kafa a 1907 da dala miliyan 1. Virginia Randolph ce ta farkonsu, mata ne galibi, suna bin ƙauyuka suna horar da malamai suna haɗa kan iyaye.

Ƙidayar ƙasa ta nuna sakamakon duk wannan wahala. A 1870 kusan kashi 80 cikin 100 na baƙaƙe ba su iya karatu ba. A 1900 adadin ya sauko zuwa kimanin 45, a 1930 kimanin 16. John Lewis, wanda ya zama jigon fafutukar 'yanci kuma ɗan majalisa, da marubuciya Maya Angelou, duk sun zauna a ajin Rosenwald.

Me ya rage a yau?

Iya karatu daban, daidaito daban. A ƙarshen shekarun 1940 gundumar Clarendon ta Karolina ta Kudu tana kashe dala 179 kan ɗan Bature, dala 43 kan baƙin yaro. Turawa na da motocin makaranta kusan 30, baƙaƙe ba ko ɗaya, wasu yaran na taka mil da yawa a ƙasa. Wani manomi, Levi Pearson, ya kai ƙara yana neman mota kawai. Daga wannan koke aka samu ɗaya daga cikin shari'o'i biyar da aka haɗa suka zama hukuncin Brown na 1954, wanda ya haramta wariya a makarantu. Waɗanda suka sa hannu a ƙarar sun rasa aiki, an hana su bashi, an ƙone gidan faston da ya jagorance su.

Tasirin wannan tarihi a kan talaka bai ƙare ba, saboda har yanzu kaso mai tsoka na kuɗin makarantun Amurka daga harajin gidaje da filaye na yanki yake fitowa. Yankin da kakanninsa ba su mallaki ƙasa ba yana tara kaɗan. A gundumomin auduga na Alabama da Misisipi, bayan hukuncin Brown iyalai Turawa da yawa sun kwashe 'ya'yansu zuwa makarantu masu zaman kansu, suka bar na gwamnati da baƙaƙe da ƙaramin kasafi. Dubban malamai da shugabannin makarantu baƙaƙe kuma sun rasa aikinsu da aka haɗe makarantu, aka rufe nasu.

Gundumar Prince Edward ta Bajiniya ta fi kowa nisa. A can ne wata ɗaliba 'yar shekara 16, Barbara Johns, ta jagoranci yajin shiga aji a 1951 saboda cunkoso da azuzuwan wucin gadi masu yoyo. Da kotu ta ce a haɗa yara, sai gundumar ta rufe dukkan makarantun gwamnati daga 1959 zuwa 1964. 'Ya'yan Turawa suka koma makarantar kuɗi da tallafin jiha, baƙaƙen yara da yawa suka yi shekara biyar ba aji. A 2004 majalisar Bajiniya ta kafa asusun tallafin karatu domin su, wasu suka koma makaranta da furfura a kansu.